Wa Ya Yi Wannan Waƙa? Tarihin Shakku a Kan Ingancin Waƙa Daga Alƙalami Zuwa Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Tun daga ƙarshen shekarar 2022, lokacin da aka saki manhajar ChatGPT ga jama'a, malaman adabi a sassa da dama na duniya suka shiga ɗar-ɗar game da duk wata waƙa da aka miƙo musu. Ɗalibi zai kawo baitoci tsararru masu amsa-amo, malami ya karanta ya yaba, can kuma zuciyarsa ta raya masa cewa mai yiwuwa na'ura ce ta tsara su. Wannan hali ya iso ga manazarta Hausa, domin irin waɗannan manhajoji suna iya jera kalmomin Hausa gwargwadon hali, kuma duk mai wayar hannu yana iya kaiwa gare su. Da yawa daga cikin abokan aiki suna kallon matsalar a matsayin baƙuwa, wadda adabinmu bai taɓa cin karo da irinta ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa shakku a kan wanda ya yi waƙa tsohon al'amari ne a tarihin adabin da Hausawa suka gada da wanda suka gina da kansu, kuma magabata sun yi masa tanadi. Za a ga cewa abin da suke nufi da ingancin waƙa shi ne a san mutumin da zai ɗauki alhakin maganar da ke cikinta, ko da hannu fiye da ɗaya ne ya taɓa ta. Da wannan ma'auni za a duba tarihin na'urorin da aka ce suna yin waƙa, sannan a kawo abin da ya rataya a wuyan masana harsunan Nijeriya a yau.

2.0 Gadon Shakku Daga Adabin Larabci

Rubutacciyar waƙar Hausa ta tashi ne a zauren malamai, kuma a can ta sami karinta da tsarinta, kamar yadda M.K.M. Galadanci ya yi bayani a 1975. Saboda haka ya dace a fara da abin da malaman Larabci suka sani game da waƙar ƙage.

Muhammadu bin Sallam al-Jumahi, wanda ya rasu wajen shekarar 846 Miladiyya, ya buɗe littafinsa Ɗabaƙatu Fuhulish Shu'ara'i da ƙorafi a kan yawan waƙoƙin da aka ƙirƙira aka jingina wa mawaƙan Jahiliyya. Ya kawo dalilai biyu. Na farko, wasu ƙabilu da suka ga waƙoƙin kakanninsu ba su da yawa, sai suka ƙara musu domin kada a bar su a baya wajen alfahari. Na biyu, su kansu masu ruwaya sukan ƙara baitoci daga aljihunsu. An fi tuhumar mutum biyu da wannan aiki, wato Hammad ar-Rawiya da Khalaf al-Ahmar, waɗanda gwanintarsu ta kai ga su tsara baiti a bakin wani tsohon mawaƙi har masana su kasa bambancewa. Abin lura a nan shi ne, ba a zarge su da yin mummunar waƙa ba. Kyawun abin da suka yi shi ne ma ya sa laifin ya yi nauyi.

Maganar ta sake tasowa a ƙarni na 20. A 1925 D.S. Margoliouth na Jami'ar Oxford ya yi rubutu yana shakkar asalin waƙoƙin Jahiliyya, a 1926 kuma Ɗaha Husaini ya fitar da Fish Shi'iril Jahili a Alƙahira, inda ya tafi a kan cewa galibinsu an tsara su ne bayan zuwan Musulunci. Ƙurar da littafin ya tayar ta kai ga an janye shi daga kasuwa, an kuma binciki marubucin, kafin ya sake fitar da shi da gyare-gyare da sabon suna a 1927. Waɗanda suka yi masa raddi sun dogara ne da salsalar ruwaya, wato wane ya ji daga wane, irin hanyar da malaman Hadisi suka shimfiɗa. Wannan hanya ta isnadi da ijaza ita ce malaman ƙasar Hausa suka tashi a cikinta, kuma ita ce ta yi tasiri a kan yadda suke rufe waƙoƙinsu.

3.0 Tanadin da Marubuta Waƙoƙin Hausa Suka Yi

Duk wanda ya saba da rubutattun waƙoƙin ƙarni na 19 da na farkon ƙarni na 20 ya san cewa marufin waƙa yakan ɗauki abubuwa uku ko huɗu. Mawaƙi yakan faɗi sunansa, wani lokaci har da na mahaifinsa da garinsa ko malaminsa. Yakan faɗi adadin baitocin da ya yi. Yakan kawo shekarar da ya kammala ta hanyar ramzi. Sannan yakan roƙi wanda ya ga kuskure ya gyara, wanda ya amfana kuma ya yi masa addu'a.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da aikin da yake yi. Faɗin adadin baitoci shinge ne ga mai ƙari da mai ragi, domin idan mawaƙi ya ce baitocinsa sittin ne, mai kwafe ya kawo saba'in, to an san goma baƙi ne. Ramzi kuwa hatimi ne na lokaci. Malamanmu suna bin lissafin haruffa na Magariba, inda harafin shinun yake dubu, ra yake ɗari biyu, sinun yake ɗari uku. Shi ya sa ramzin waƙoƙin ƙarni na 13 na Hijira yakan ƙunshi shinun da ra, na ƙarni na 14 kuma shinun da sinun. Idan aka haɗa shinun da ra da mimun mai arba'in da zayun mai bakwai, an sami 1247, wadda ta yi daidai da 1831 zuwa 1832 Miladiyya. Da yake kalmar ramzi a cikin kari take zaune, sauya ta yakan karya ɗango, don haka ta fi lambar da aka rubuta a gefen takarda wuyar taɓawa.

Faɗin suna shi ne mafi muhimmanci. Mawaƙin wa'azi yana faɗa wa jama'a abin da ya halatta da abin da ya haramta, yana tsoratar da sarakuna da alƙalai, yana bayyana halin kabari da tsayuwar Alƙiyama. Mai irin wannan magana ya san za a tambaye shi a kanta, a nan duniya a gaban malamai 'yan'uwansa, gobe kuma a gaban Ubangijinsa. Sa suna a ƙarshen waƙa tamkar shaida ne ya miƙe a gaban alƙali ya ce shi ne ya gani. A tawa fahimtar, wannan ita ce ma'anar inganci a wurinsu.

3.1 Waƙar da Hannu Fiye da Ɗaya Ya Taɓa

Wannan ma'auni bai hana a haɗa hannu a kan waƙa guda ba. Misali mafi shahara shi ne Tabbat Haƙiƙa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo (1754-1817) ne ya tsara asalinta da Fulatanci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793-1864) ta mayar da ita Hausa wajen 1831, a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan'uwanta Isa kuma ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu ya zama ƙwar biyar. Ke nan, a cikin kowane ɗango biyar da mai sauraro yake ji, uku na Isa ne, biyu kuma lafazin Asma'u ne a kan ma'anar Shehu. Duk da haka jama'a suna kiran ta waƙar Shehu, kuma babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin yaudara, saboda gidan da ya fito da ita bai ɓoye salsalarta ba. Haka Ma'ama'are take, Shehu ya yi da Fulatanci, Isa ya mayar Hausa. Aikin da Bello Sa'id ya yi a 1978 a kan gudummawar masu jihadi ga adabin Hausa, da wanda Jean Boyd da Beverly Mack suka fitar a 1997 na tattara ayyukan Nana Asma'u, sun dogara ƙwarai da irin wannan salsala da zuriyar Waziri Giɗaɗo ta adana, musamman a hannun Waziri Junaidu (1906-1997).

Wani misalin shi ne na Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji. Makaho ne, bai riƙe alƙalami ya rubuta ɗango ko ɗaya ba. Shi yake tsarawa a ka, ya yi shifta, wasu su rubuta. Ba a taɓa jin wani ya ce waƙar ta marubutan ce ba, domin hannunsu kayan aiki ne kawai, tunani da alhaki kuwa nasa ne. A fagen waƙar baka ma haka abin yake: 'yan amshi sukan jefa ɗiya a cikin waƙa, amma sunan Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ko Shata ake kira, tun da shi ne yake tsayawa gaban sarki, shi ake yi wa kyauta, shi kuma ake kora daga gari idan zambo ya yi zafi.

3.2 Inda Salsala Ta Tsinke

Shakku yana shigowa ne a inda salsala ta tsinke. An daɗe ana jingina Waƙar Yaƙin Badar ga Wali Ɗanmasani na Katsina (1595-1667), kuma da za a tabbatar da haka, da tarihin rubutacciyar waƙar Hausa ya koma baya da fiye da shekara ɗari kafin jihadi. Amma Mervyn Hiskett, a littafinsa na 1975 a kan tarihin waƙoƙin Musulunci na Hausa, ya tafi a kan cewa wannan fage bai kafu sosai ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 18. Wasu masana na gida sun saɓa masa, suna kafa hujja da ruwayar Katsinawa da kuma zurfin ilmin da birnin yake da shi tun ƙarni na 17. Abin da zai raba gardamar shi ne tsohon kwafi mai ɗauke da sunan mai rubutu da shekara, da kuma nazarin harshen waƙar da na takardar da aka rubuta ta a kai.

Waƙar Bagauda, wadda Hiskett ya buga tare da sharhi a 1964 da 1965, wani nau'i ne daban. Waƙa ce ta wa'azi mai ɗauke da jerin sarakunan Kano, kuma masu ruwayarta sukan ƙara sunan sarki a duk lokacin da sarauta ta sauya. Jerin nata bai yi daidai da na Tarihin Kano da H.R. Palmer ya fassara a 1908 ba a wurare da dama. Ba ta da marubuci guda da za a tambaya, shi ya sa masana tarihi suke amfani da ita da taka-tsantsan, duk da darajarta a matsayin adabi. Haka nan, waƙoƙin da C.H. Robinson ya tattaro ya buga a Kambirij a 1896 sun zo da sunayen da masu ba shi labari suka faɗa masa, har da sunan Shehu Usmanu, kuma sai da masana na baya suka sake tantance su. Babban suna yana jan waƙoƙin da ba su da uba, kamar yadda inuwar babban itace take tara matafiya.

4.0 Tarihin Na'ura Mai Yin Waƙa

Tunanin a ƙera abin da zai fitar da baiti ba tare da mawaƙi ba ya girmi kwamfuta da ɗaruruwan shekaru. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddima da ya rubuta a 1377, ya yi dogon bayani a kan wani tsari da ake kira za'irja, wanda ake dangantawa ga Abul Abbas as-Sabti na ƙasar Maroko. Da'irori ne a cikin da'irori, ɗauke da haruffa da lambobi da sunayen buruji. Mai tambaya zai kawo tambayarsa, a warware ta harafi-harafi, a bi wasu ƙa'idoji na lissafi, sai amsa ta fito a matsayin baiti mai kari da amsa-amo, bisa awon wani baiti na Malik bin Wuhaib na Ishbiliya. Ibn Khaldun bai musanta cewa baitin yana fitowa ba, amma ya yanke cewa wannan ba hanyar sanin gaibu ba ce, domin abin da ya fito daga cikin haruffan da aka zuba ya fito. Ilmin haruffa da hatimai ba baƙo ba ne ga malamanmu. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi fice a kansa har a ƙasar Masar.

Da kwamfuta ta zo, sai aka maimaita gwajin da sabon kayan aiki. A 1952 Christopher Strachey ya tsara wa kwamfutar Jami'ar Manchesta a Ingila hanyar haɗa wasiƙun soyayya daga jerin kalmomi, kuma kowace wasiƙa tana ƙarewa da haruffan M.U.C., wato sa hannun na'urar. A 1959 Theo Lutz, a birnin Stuttgart na Jamus, ya zuba sunaye 16 da siffofi 16 daga wani littafin Franz Kafka a cikin kwamfutar Zuse Z22, ta riƙa haɗa su barkatai suna ba da jimloli. A waɗannan gwaje-gwaje babu ɓoye-ɓoye, an bayyana kalmomin da aka zuba da ƙa'idar da aka bi.

Rikici ya fara ne da wani littafi da aka buga a Amurka a 1984, mai suna The Policeman's Beard Is Half Constructed, wanda aka tallata a matsayin littafi na farko da kwamfuta ta rubuta, ta hanyar manhajar Racter ta William Chamberlain da Thomas Etter. Da aka fara sayar da manhajar, masu gwadawa suka ga abin da take fitarwa bai kama ƙafar abin da ke cikin littafin ba. A 1993 Jorn Barger ya yi rubutu yana nuna cewa galibin jimlolin an riga an gina ƙashinsu da hannun mutum, na'urar gurabe kawai take cikewa. Wato a wancan lokaci zargin shi ne mutum ya yi waƙa ya laƙaba wa na'ura.

A yau zargin ya juya: na'ura ce take yi, mutum ya sa sunansa. A watan Nuwamba na 2024, Brian Porter da Edouard Machery na Jami'ar Pittsburgh suka fitar da sakamakon wani bincike a mujallar Scientific Reports. Sun gabatar wa mutum 1,634, waɗanda ba masana waƙa ba ne, waƙoƙin fitattun mawaƙan Ingilishi goma, irin su Shakespeare da Emily Dickinson, a gauraye da waɗanda ChatGPT ta tsara da salonsu. Masu karatun sun dace da amsa a kashi 46.6 cikin ɗari kawai, ƙasa da abin da mai canki-canka zai samu. A zagaye na biyu kuma an ga cewa da zarar an faɗa wa mai karatu waƙa ta na'ura ce, sai darajarta ta faɗi a idonsa, ko da kuwa mutum ne ya yi ta. Wannan ya nuna cewa mai karatu na yau, kamar na zamanin al-Jumahi, ba lafazi kaɗai yake aunawa ba, yana neman wanda ke bayan lafazin.

5.0 Darasi Daga Tukwanen Suleja

A nan Suleja, inda aiki ya kawo ni nake zaune a unguwar Bagama, akwai wani tarihi da yake haskaka wannan batu, ko da yake na yumɓu ne ba na baiti ba. Garin shi ne tsohuwar Abuja, wadda Abu Ja ya kafa a 1828 bayan sarakunan Zazzau na Haɓe sun baro Zariya a lokacin jihadi. Da aka yanke shawarar gina sabon babban birnin tarayya a 1976, sai sunan Abuja ya koma can, tsohon garin kuma aka kira shi Suleja don tunawa da Sarki Sulaimanu Barau.

A farkon shekarun 1950 wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin, ya kawo faifan juyi da murhun gashi mai tsananin zafi da ruwan ƙyalli. A fadar Sarki Sulaimanu Barau ya ga tukwanen wata mata daga Kwali, wato Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar a 1954 a matsayin mace ta farko. Ta koyi aiki da faifai, amma ta ci gaba da gina manyan randunanta da hannu, tana zana musu ƙadangare da kunama da kifi kamar yadda ta koya a gida, sannan a shafe su da ƙyalli a gasa a murhun zamani. Tukunyar da ta fito ta haɗa hannun Gbagyi da kayan aikin Turai. Abin da ya tsare ta daga ruɗani shi ne hatimi: ana buga tambarin cibiyar a gindinta, a kuma sa haruffan LK. Mai saye ya san inda aka gasa, ya san wadda ta gina. Da wannan suna ta zagaya Turai da Amurka, kuma bayan rasuwarta a 1984 hotonta ya hau takardar naira ashirin.

Darasin a fili yake. Shigowar sabon kayan aiki cikin sana'a bai ɓata ingancin abin da aka yi ba, muddin an bayyana rabon kowa a cikinsa. Hatimin gindin tukunya da marufin waƙa aiki ɗaya suke yi.

6.0 Halin da Waƙar Hausa Take Ciki

Hausa ta shiga manhajar fassara ta Google a watan Disamba na 2013, kuma tun daga nan adadin rubutun Hausa da na'urori suke koyo daga gare shi yake ƙaruwa. Sai dai akwai wani shinge da ya kamata manazarta su lura da shi. Karin rubutacciyar waƙar Hausa, ko Basiɗ ne ko Kamil ko Mutaƙarab, yana tafiya ne a kan nauyin gaɓa, kamar yadda Joseph Greenberg ya nuna tun 1949. Nauyin gaɓa kuwa ya dogara da tsawon wasali, abin da rubutun boko na yau da kullum ba ya nunawa. Kalmar gari mai ma'anar birni da gari na tuwo iri ɗaya ake rubuta su, alhali gaɓar farko ta ɗaya marar nauyi ce, ta ɗayar kuma mai nauyi. Haka dafa abinci da dafa kafaɗa. Ajami yana bambance su, boko ba ya yi. Na'urar da ta koyi Hausa daga rubutun boko ta ga haruffa ne ba ta ji sauti ba, shi ya sa baitocin da na gwada sa ta tsarawa sukan zo da amsa-amo mai kyau a ido, amma da an rera su sai a ji ɗango yana ɗingishi.

Ba daidai ba ne mu jingina da wannan shinge har abada. Na'urorin suna ƙara koyo daga muryoyin da aka naɗa, kuma ƙamusun da suke nuna tsawon wasali da karin sauti, irin na Bargery na 1934, suna nan a intanet. Ranar da za a cike giɓin tana tafe. Har ila yau, ɗalibai da yawa na yau su ma ba su ƙware da aruli ba, don haka karyewar kari ba hujja ce ta cewa na'ura ce ta yi ba.

Babban haɗarin yana ga taskar da muka gada. Kaso mai yawa na waƙoƙin ƙarni na 19 da na 20 har yanzu a rubutun hannu suke, a gidajen malamai da ɗakunan adana takardu, ba a yi musu cikakken jadawali ba. A irin wannan hali, idan wani ya sa na'ura ta tsara baitoci da salon wa'azi ya jingina wa Shehu ko Nana Asma'u, ko baitocin siyasa ya jingina wa Sa'adu Zungur, ya watsa ta WhatsApp, mai karatu ba shi da inda zai je ya duba cikin sauƙi. Magana a bakin Shehu tana da nauyin fatawa a wurin jama'a, magana a bakin Sa'adu kuma makami ce a fagen siyasa. Daga waya sai ta shiga kundin ɗalibi, daga kundi ta shiga maƙala, daga maƙala kuma na'urar ta sake koyonta a matsayin gaskiya. Hammad ar-Rawiya mutum ɗaya ne mai iyakar kwana da iyakar ƙarfi. Abin da ya yi a tsawon rayuwarsa, yanzu ana iya yin ninkinsa kafin a idar da sallar la'asar.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin shakku a kan waƙa daga Basara ta zamanin al-Jumahi zuwa Sakkwato da Katsina da Kano, daga za'irja zuwa Racter da ChatGPT. Abin da ya bayyana shi ne, adabin Hausa ya yarda da fassara da tahamisi da shifta da gudummawar 'yan amshi, bisa sharaɗin a san salsala, a kuma sami wanda zai amsa tambaya. Na'ura ba ta da mahaifi ko malamin da za ta ambata a marufi, ba ta amfana da addu'ar mai karatu, ba a kuma kiran ta gaban alƙali. Alhakin baitin da ta fitar yana kan mutumin da ya umarce ta kuma ya watsa.

Saboda haka ana ba da shawarwari uku. Na farko, sassan nazarin harsunan Nijeriya su haɗa kai da Gidan Arewa da Ma'adanar Takardu ta Ƙasa da ke Kaduna, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da takwararta ta Gidan Ɗan Hausa a Kano, su fitar da jadawali guda na rubutattun waƙoƙin Hausa, mai nuna mabuɗin kowace waƙa da adadin baitocinta da ramzinta da mai kwafe ta da inda kwafin yake. Aikin da Ɗalhatu Muhammad ya yi wa waƙoƙin Aƙilu Aliyu, da wanda Ɗandatti Abdulƙadir ya yi wa na Sa'adu Zungur, abin koyi ne a nan. Na biyu, mujallu da masu shirya gasa su nemi kowane mawaƙi ya bayyana idan ya yi amfani da na'ura da kuma gwargwadon amfanin, kamar yadda mai tahamisi yake ambaton mai asalin waƙa. Na uku, a farfaɗo da koyar da aruli da ajami da lissafin ramzi a matakin digiri na farko, a kuma riƙa sa ɗalibi ya rera abin da ya rubuta a gaban malaminsa, ya fayyace karinsa, ya kare ma'anarsa. Wanda ya haifi baiti ba ya rasa sanin inda gaɓoɓinsa suke.